Birkin bayan Hilux: a bar diram ko a mayar da shi diski?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Yana da Hilux Vigo ta 2010, mai fetur, mai ozileri, wato mai ja da ƙafa huɗu. Sana'arsa sayen hatsi da kai taki ƙauyuka, don haka rabin shekara motar a cikin laka da rafi take. Ya ɗaga ta kamar inci biyu, ya sa mata manyan tayoyi. Ya ce duk sanda ya tsallake ruwa sai birki ya ɗauke na ɗan lokaci, wani lokacin kuma bayan ya riƙa ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kuma a damina ɗaya sau biyu ya canza shu, wato takalmin birkin da ke cikin diram. Abokansa sun ce ya cire diram ɗin baya ya sa diski, motar za ta riƙa tsayawa cak. Shin gaskiya ne, kuma me aikin ya ƙunsa?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema.

Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Diski a baya zai magance maka matsalar ruwa da laka, wannan ba shakka. Amma maganar cewa motar za ta fi tsayawa da wuri, ka cire ta daga lissafi. Idan ka taka birki da ƙarfi, nauyin mota gaba yake zubowa, shi ya sa kake ganin hancinta ya duƙa. Ƙafafun gaba su ke yin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na aikin tsayawa, a motar ɗaukar kaya da babu komai a bayanta ma ya fi haka. Diram ɗin Vigo mai ozileri faɗinsa milimita 295 ne, kuma in yana da lafiya yana da ƙarfin da zai kulle tayar baya ta riƙa jan ƙasa. Birkin da ya riga ya iya kulle taya, in ka ƙara masa ƙarfi ba tsayawa ka ƙara ba, saurin kullewa ka ƙara. Abin da ke tsayar da mota a ƙarshe shi ne riƙon da ke tsakanin taya da ƙasa.

Kada ka ɗauka rowa ce kawai ta sa Toyota ta bar diram a bayan Hilux shekara da shekaru. Araha na ciki, ban musa ba. Amma diram yana da wata baiwa: idan shu ɗin da ke ɓangaren gaba a cikinsa ya taɓa jikinsa yana juyawa, juyawar kanta ce ke ƙara cusa shi ciki, sai ƙaramin matsi ya ba da babban riƙo. Wannan ce ta sa hambirkin diram yake riƙe mota da lodi a kan gangara ba tare da ka ja shi da hannu biyu ba. Kuma a rufe yake, ƙura da yashi ba sa samunsa kai tsaye. Sai a 2022 ne aka ga Hilux mai diski a baya daga kamfani, samfurin Rogue da aka sayar a Ostareliya, sannan GR Sport, alhali Land Cruiser 80 ta samu nata tun shekarun 1990. Wato su ma sun san amfaninsa, sun dai zaɓi inda za su sa shi.

To ina diram yake gazawa? Wuri biyu, kuma ɗaya daga ciki shi ne naka.

Rufin da ke kare shi daga ƙura ba ya hana ruwa shiga. Da ka nutsa aksil a rafi, ruwa da taɓo sun cika shi, kuma abin da ya shiga ba ya samun hanyar fita da sauri. Ruwan ya zauna tsakanin shu da ƙarfe, ka taka ka ji wayam. Idan ruwan ya bushe, yashin da ya zo da shi yana nan. Na sha buɗe diram a watan Satumba in tarar da laka ta daskare a ciki kamar tuwon da ya kwana, sifirin duk sun yi tsatsa, ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke daidaita tazarar shu ya maƙale ko da filaya ba ya juyawa, shu ɗin kuwa ya cinye ta gefe ɗaya har ƙarfe ya fito. Ƙarar niƙan tsakuwar da kake ji ke nan. Diski kuwa a fili yake: juyi biyu uku ya watsar da ruwan, fad ya share fuskarsa, birki ya dawo.

Na biyun shi ne zafi a doguwar gangara. Ka ɗauka mota da lodinta tan 3 ce, ta sauko tsayin mita 1,000, irin saukowar tsaunin Mambila daga wajen Gembu. Ƙarfin da dole a kashe a wannan saukowar, in aka mayar da shi zafi, ya isa ya tafasa ruwa kusan lita 90, jarka huɗu da rabi ke nan. Inji da iska suna ɗaukar wani kaso, sauran duk a birki yake ƙarewa. Diram in ya yi zafi buɗewa yake, ya nisanta daga shu, sai feda ta riƙa nutsewa. Diski in ya yi zafi kumbura yake ya matso wajen fad, kuma iska na dukansa ta ko'ina. Duk direban da ya taɓa jin ƙaurin birki a Hawan Kibo ya san abin da nake nufi. Sai dai ko a nan, giya ta biyu ta fi kowane irin diski amfani.

Akwai kuma inda diski yake yin asara, masu sayar da kayan ba za su gaya maka ba. Tayoyin gaba suna watso yashi da taɓo baya, su sauka daidai kan kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin diski. A hanyar da laka mai yashi ta yi yawa, fad ɗin baya yana iya ƙarewa kafin na gaba. Bambancin kawai shi ne kana ganinsa da idonka ta cikin rim, kuma canza shi aikin minti ashirin ne, ba sai an yi ta dukan diram da guduma ba. Wanda aikinsa busasshen rairayi ne, kamar masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ni ba na ba shi shawarar ya taɓa diram ɗinsa. Ba ruwa, ba doguwar gangara, me zai saya da kuɗinsa?

Kafin ka kashe ko sisi, akwai abin da na tsinta a tambayarka wanda ya fi maganar diski damuna: ka ɗaga motar. In motarka ba mai ABS ba ce, wato na'urar da ke hana taya kullewa, ka shiga ƙarƙashinta ta baya, ka dubi jikin shasi kusa da aksil. Za ka ga wani ɗan bawul da fayif ɗin birki suka shiga, da wani siririn ƙarfe mai tsawo da ya taso daga jikinsa ya je ya kama aksil. Shi ne bawul mai auna lodi, a littafin Toyota LSPV suke rubutawa. Idan ka loda buhuna bayan motar ya zauna, sandar ta motsa, bawul ɗin ya buɗe wa ƙafafun baya ƙarin matsi. Idan babu kaya bayan ya tashi, sai ya rage, don kada baya ya kulle. Kai kuwa da ka ɗaga motar inci biyu ba tare da an ɗaga inda sandar ta kama aksil ba, ka gaya wa bawul ɗin cewa motar ta fi marar kaya ma rashin nauyi. Ko buhu goma ka ɗora, shi a wurinsa kusan wayam take. Birkin bayanka a shaƙe yake tun ranar da aka ɗaga ta, gaba ne kaɗai ke wahala. Maganin ɗan ƙarfe ne da zai ɗaga mazaunin sandar daidai da tsayin da aka ƙara. Na ga motoci da dama da aka kawo min don a sa diski, aka gyara wannan, mai ita ya zagaya ya dawo ya ce a bar maganar.

Tayar ma tana da nata laifin. Taya 265/70R16 tsayinta kamar milimita 777 ne, 285/75R16 kuwa kamar 834. Wannan ƙarin kashi 7 cikin ɗari kai tsaye yake fita daga ƙarfin birkinka, gaba da baya, domin birki yana riƙe taya daga tsakiya ne, ƙasa kuma tana janta daga baki. Ga ƙarin nauyin tayar kanta. In kana son dawo da abin da babbar taya ta ci, gaba za ka duba: fad mai kyau, diskin da bai sirance ba, kalifar da duk fistin ɗinta ke motsi.

Sai ka duba oyal sil na aksil. In ka buɗe diram ka ga shu ya yi baƙi yana maiƙo, man giya ne ya zubo, kuma galibi ɗan bututun numfashi da ke saman aksil ne laka ta toshe. Aksil mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta sil. In ka sa diski ba ka gyara wannan ba, man zai zubo kan sabon fad, an gudu ba a tsira ba. A ja bututun da tiyo zuwa sama, can ƙarƙashin bodi. Sannan man birki: yana shan danshi daga iska. DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. In naka ya yi kalar shayi ba madara, ya wuce lokacinsa. Kuma ka riƙa jan hambirki kullum, domin a waɗannan motocin jansa ne ke motsa abin daidaita shu. Masu barin mota a giya kawai su ne fedarsu ke yin ƙasa a hankali ba su san dalili ba.

In ka yi duk wannan, kuma har yanzu kana tsallake rafi sau uku a mako, to a ganina kana cikin mutanen da juyin ya dace da su. Ga yadda aikin yake.

Mutane suna ɗauka cire wannan a ɗaura wancan ne. A'a. Aksil ɗin bayan Hilux irin wanda shaf ɗin kansa ke ɗauke da nauyin mota ne, boris ɗin a matse yake a jikin shaf, kuma farantin da shu ke zaune a kai yana maƙale a bayan boris. Ba yadda za a fitar da farantin sai an zaro shaf gaba ɗaya, an kai shi injin matsi, an fitar da zoben da ke riƙe boris da boris ɗin kansa. Zoben nan ba a mayar da tsohonsa. Don haka ka sa sabon boris, sabon zobe da sil na ciki da na waje a cikin lissafinka, kowane gefe. In ka ga yaron gareji ya ɗauko guduma da kurfi zai buga boris ya shiga, ka karɓi shaf ɗinka. In motar mai ABS ce, akwai zobe mai haƙora a wurin wanda na'urar ke karantawa, in aka lanƙwasa shi ko aka matsa shi ba daidai ba, fitila za ta kama ta ƙi mutuwa.

Daga nan sai biraket, wato ƙarfen da zai riƙe kalifa. A nan ne rai yake. Duk ƙarfin da ke tsayar da tayar ta jikinsa yake bi. Ina son farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 ko fiye, wanda aka yanka aka huda da inji bisa awo, a ɗaure shi da kusoshi masu lamba 10.9 a ka, da gam ɗin kusa. Ba na karɓar wanda aka yanka da wutar gas aka gyara da giranda, ba na kuma karɓar walda a jikin kalifa ko wani ƙarfen zubi. Kalifa dole ta zauna a tsakiyar diski daidai, fad ya kwanta a fuskarsa gaba ɗaya, kada rabinsa ya leƙo waje. Bayan an ɗaura, a sa agogon awo a juya diskin, in rawarsa ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, za ka ji feda na harbin ƙafarka, kuma zai riƙa tura fistin baya har taka ta farko ta zama banza.

Hanyoyin samun kayan uku ne. Akwai saiti cikakke da kamfanonin Ostareliya da Tailan ke yi musamman don Hilux, da diski da kalifa da biraket da tiyo da wayar hambirki, an auna komai tare. Shi ya fi tsada, farashinsa da dala yake tafiya, amma shi ne wanda zan ɗaura in yi barci. Akwai haɗa kayan gwanjo na Prado ko makamanciyarta daga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, tunda ramukan kusoshin taya shida ne iri ɗaya. Yana yiwuwa, amma ramuka su yi daidai ba shi ne komai ya yi daidai ba: ramin tsakiya, zurfin hular diskin, da mazaunin kalifa duk sai an auna, kuma sai an sami mai injin fiƙe ƙarfe da ya san abin da yake yi. Ta uku ita ce ɗauko aksil ɗin wata motar sukutum a sa. Wannan ita na fi tsoro a hannun wanda bai ƙware ba. Land Cruiser 80 da Prado a kan sifirin mai naɗi suke, Hilux a kan mai ganye, sai an yanke mazaunai an sake walda. Faɗin ya bambanta. Uwa uba, lissafin haƙoran giyar baya dole ya zama ɗaya da na gaba, in ba haka ba ranar da ka sa ozileri gaba da baya za su riƙa jayayya har wani abu ya karye.

Kowacce ka bi, ka tambayi abu ɗaya kafin ka biya: yaushe zan sake samun fad ɗin wannan kalifar, kuma a ina? Kalifar da fad ɗinta sai an yi odarsa daga waje ba ta da amfani ga mai aiki a ƙauye. Ka zaɓi wadda za ka shiga shagon sifaya a Gusau ko Maraɗi ka ambaci sunan motar a miƙo maka.

Yanzu hambirki, wanda shi ne inda yawancin irin wannan aikin ke lalacewa. Masu tsofaffin Defender da Nissan Patrol da FJ40 sun huta, domin nasu hambirkin a bayan akwatin ozileri yake, yana riƙe farfela, ba ruwansa da ƙafafun baya. Naka kuwa a cikin diram ɗin da za ka cire yake zaune. Ka cire diram, ka cire hambirki. Mafita mafi kyau ita ce diskin da ke da ɗan ƙaramin diram a cikin hularsa, da ƙananan shu na hambirki kaɗai, irin na Prado da Land Cruiser 80. Yana aiki, amma ka sani bai kai na asali riƙo ba, masu 80 sun daɗe suna kuka da nasu, kuma shi ma laka na shigarsa, sai an riƙa buɗewa ana wankewa. Ɗaya hanyar ita ce kalifa mai ɗan hannu a bayanta wanda waya ke ja ya tura fistin. A Amurka masu tsofaffin motocin daji sun daɗe suna amfani da kalifar Cadillac Eldorado don wannan, kuma sananne ne cewa in ba a jan ta kullum sai ta saki. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne ɗan famfon da ake sa wa a layin mai a kulle matsi a ce shi ne hambirki. Matsin mai yana zurarewa a hankali, ka ajiye mota a gangara da dare ka tashi ka same ta a cikin gonar mutane.

Na taɓa karɓar wata mota da aka yi wa juyin a wani gareji, mai ita ya zo yana alfahari da jan fentin kalifa. Na tambaye shi hambirki fa, sai ya buɗe bayan kujera ya nuna min wani guntun katako da yake sa wa taya. Ga mutumin da ke tsayawa a bakin rafi mai gangara ya sauka ya duba zurfin ruwa da sanda. Garin neman gira ke nan.

Sai ɓangaren mai. Fistin ɗin silindar diram bai wuce inci ɗaya ba, na kalifar baya kuwa yakan kai milimita 40 zuwa 48. In faɗin fistin ya ninka biyu, fuskarsa ta ninka huɗu. Ko da yake tafiyarsa kaɗan ce, sau da yawa yana neman mai fiye da yadda mastar asali, wato famfon da feda ke dannawa, ta saba turawa, sai ka ji feda ta yi tsawo. Wasu sai su ruga su sa masta mai babban baki. Feda za ta taso sama, gaskiya ne, amma za ta yi tauri, ƙarfin da ƙafarka ke bayarwa ya ragu. Ba na canza masta sai na tabbatar babu iska a layin kuma diski ba ya rawa, domin cikin goma, mafi yawa iska ce. Ka duba kusar fitar da iska a jikin kalifa: dole ta kasance a sama. In an sa ta hagu a dama, kusar za ta koma ƙasa, ko galan guda na mai ka zuba iskar ba za ta fita ba. Kuma bawul mai auna lodi yana da tasa kusar, yara da yawa ba su san da ita ba, su yi ƙafa huɗu su ce an gama.

Wasu mastocin motoci masu diram suna da ɗan bawul da ke barin ragowar matsi a layin baya, kamar psi 10 a ma'aunin matsi, don robar silinda ta zauna a buɗe. Sifirin ɗin shu ya fi ƙarfin wannan matsin, amma kalifa ba ta da sifirin, sai fad ya riƙa gugar diski kullum. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗaga baya, ka taka ka saki, ka juya taya da hannu. In ta yi nauyi, ka kwance kusar iska kaɗan. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, to matsi ne ya maƙale, a nemo bawul ɗin a cire. Haka kuma fayif ɗin ƙarfe da ke shiga silindar diram ba a ɗaura shi kai tsaye a kalifa, domin kalifa tana zamewa gefe da gefe. Sai an sa gajeren tiyon birki a tsakani, a bi da shi ta inda sifirin ba zai matse shi ba, kara da kututture ba za su fizge shi ba. Kada kuma wani ya ce maka DOT 5 ya fi DOT 4 saboda lambarsa ta fi girma. Wani irin mai ne daban, ba ya haɗuwa da naka.

Ƙananan abubuwa biyu da ke tsayar da aiki ranar ƙarshe: rim mai inci 15 sau da yawa ba ya rufe kalifa, har da na safaya, sai ka gwada tun kafin a kwance komai. Kuma in hular diskin ta fi diram kauri, kusoshin taya za su gajarce. Noti yana bukatar ya ci aƙalla milimita 12 na zare, in bai kai ba a sa dogaye.

Duk wannan share fage ne. Ainihin jarrabawar ita ce rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya. Bawul ɗin da ke motarka an auna shi ne da halin diram. Da sabuwar kalifa, ko dai baya ya zama ragon da ba ya taimakawa, ko ya zama mai zafin nama da ke riga gaba kullewa. Na biyun shi ne mai kisa. In gaba ya kulle, mota miƙewa take ta tafi inda hancinta ya nufa, ka ɗan saki ka sake takawa. In baya ya riga kullewa, gindin motar ne ke zagayowa gaba, kuma mota mai tsayi da aka ƙara wa tsayi, a kan tsakuwa, ba ta jujjuyawa sau biyu kafin ta kwanta. Shi ya sa ba na yarda a cire bawul mai auna lodi a haɗa fayif kai tsaye, ko da wani ya rantse maka cewa haka birki ya fi ci. Zai fi ci ranar da ka yi lodi. Ranar da ka sauke kaya kana dawowa wayam da yamma, an yi yayyafi, akuya ta fito, ranar ce za ka gane. In na asalin ya kasa daidaituwa, akwai bawul mai maɓallin murɗawa da ake sa wa a layin baya a rage matsi da hannu.

Yadda nake gwadawa: a nemi fili ko hanyar burji da babu kowa. Da farko a zaunar da fad, a taka daga gudun 60 zuwa 10 kamar sau goma ba tare da an tsaya cak ba, sannan a yi tafiya ya huce. Bayan haka mutum ɗaya ya tsaya a gefe, nesa kaɗan, ya zuba wa tayoyi ido. A zo da gudun 30, a taka da ƙarfi. Tayar gaba ce za ta fara jan ƙasa, ta baya ta biyo ko ta ci gaba da juyawa da ƙyar. A maimaita a 40 da 50, babu kaya, sannan a ɗora buhuna a sake. A sauka a dubi sawun da tayoyin suka bari: in na baya ya fi tsawo ko ya karkace, a koma gareji. Sai a kai ta gangara mafi tsanani da ke kusa, da lodi, a ja hambirki, a sa giya a furi, a cire ƙafa, hanci sama sannan hanci ƙasa. In motar mai ABS ce, kwamfutarta za ta ɓoye maka kuskuren rabo har zuwa ranar da waya ɗaya ta tsinke a daji, don haka in ka ji tana yawan karkarwa a ƙaramin taki, baya ne ke neman kullewa. Wadda kuma ke da na'urar hana zamewa a kwana, wannan ba na taɓa ta sai da saitin da aka ƙera don ita.

In motar ta ma'aikata ce ko ta ƙungiya, ko tana da inshora mai cikakken biya, ka sami izini a rubuce kafin a kwance kusa ɗaya. Birki ba fitila ba ne, in wani abu ya faru shi za a fara tambaya.

Ga abin da zan yi in tawa ce. Wannan makon zan gyara sandar bawul, in buɗe diram biyu in wanke, in sa sababbin sifirin da abin daidaitawa, in ja bututun numfashin aksil sama, in zubar da tsohon mai gaba ɗaya. Duk sanda na fito daga ruwa zan ɗora ƙafar hagu a kan birki kaɗan ina tafiya a giya ta ɗaya, mita hamsin zuwa ɗari, har in ji ya kama. In yi damina ɗaya a haka. In har shu ya sake ƙarewa kafin kaka, sai in tara kuɗin cikakken saiti mai ƙaramin diram a ciki, in yi aikin da rani lokacin da motar za ta iya kwana uku a gareji. Tsofaffin diram da farantansu da wayar hambirki kuwa a ɗaure su a buhu a ajiye a gida, kada a bar wa yaran gareji su kai wa 'yan gwangwan.

Ka leƙa ƙarƙashin motar ka gaya min ko akwai bawul ɗin, sannan ka karanto min lambar da ke jikin tayarka da girman rim ɗin safaya.